BABI NA HUƊU: TARKEN TAƘAITACCEN ZANEN SURAR MACE A ƘAURAN NAMODA DA SHINKAFI DA ZURMI

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi tarken wani salon zane da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, inda ake fitar da surar mace da layi ɗaya ko biyu, ba ido ba hanci ba baki, a kan farar takarda ko mai launin ƙasa. Masu sayar da shi a intanet suna kiransa boho. Za a auna shi da wata tsohuwar fasaha da ke hannun 'yan matan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi tun kafin zuwan takarda mai hoto, wato 'yar tsana. Dalilin haɗa su shi ne, dukansu biyu mace suke siffantawa, kuma dukansu ta hanyar ragewa suke aiki. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, duk mai ragewa zaɓi yake yi, kuma abin da ya zubar da abin da ya bari su ke tona yadda ya ɗauki mace.

4.1 Asalin Salon da Sunansa

Boho gajarcewar wata kalma ce mai tushe a Faransanci. Da ita aka riƙa kiran al'ummar Roma masu yawo gari gari, domin Faransawa sun zaci daga ƙasar Bohemiya suka fito, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Cek. A ƙarni na 19 sai sunan ya koma kan matalautan masu zane da marubuta na birnin Faris, musamman bayan littafin da Henri Murger ya fitar a 1851 a kan rayuwarsu. Ke nan da farko kalmar tana ɗauke da talauci da bijire wa al'ada. A yau kuwa sunan kayan adon ɗaki ne da ake sayar wa masu hali.

Shi ma sunan taƙaitawa na aro ne. Mazahabar da ta shahara da shi ta taso a birnin Niyok na Amurka a shekarun 1960, kuma jagororinta irin su Donald Judd akwatunan ƙarfe suka riƙa jerawa. Babu mutum a aikinsu, balle mace.

Tushen da ya fi kusa da gaskiya shi ne Henri Matisse, Bafaranshe. A 1952, yana da shekara 82, rashin lafiya ta hana shi tsayuwa mai tsawo a gaban allon zane, sai ya riƙa yanka takardun da aka shafa wa shuɗi da almakashi, yana harhaɗa surar mace a zaune. A majami'ar garin Vence da aka buɗe a 1951 kuwa, ya zana mutane da fuska fayau, da'ira kawai ba ido. Sai dai Matisse ya kai ga wannan ne bayan ya shafe kimanin shekara sittin yana zana jikin mutum daki-daki. Ya san abin da yake zubarwa. Mafi yawan masu kwaikwayonsa sun fara ne daga inda ya tsaya, suna rage abin da ba su taɓa iya zanawa ba, kuma raunin yana bayyana a kafaɗa da gwiwa, inda layi ke lanƙwasa ba tare da ƙashi a ƙarƙashinsa ba.

Akwai wani abin lura. A 1906 Matisse ya sayi wani ɗan gunki na itace daga yankin Kwango ya nuna wa Picasso, kuma tasirin sassaƙar Afirka ya fito fili a aikin Picasso na 1907. Wato wani ɓangare na dabarar ragewa daga Afirka ta tafi Turai. Mutumin Ƙauran Namoda ya san irin wannan tafiya, domin tun 1929 da layin dogo ya iso garin, audugar yankin ta riƙa tafiya a tarago, yadi kuma yana dawowa da tsada.

4.2 Yadda Salon Ya Shigo Yankin

Surar mace a zane ba baƙuwa ba ce a waɗannan garuruwa. Kafin wayar hannu akwai allunan shagunan kitso da ake zanawa da fenti, da kalandun ɗinki da teloli ke liƙawa a bango, da hotunan 'yan wasan Indiya, da bangon littattafan soyayya da suka riƙa fitowa daga Kano tun tsakiyar shekarun 1980. Duk waɗannan cika zane suke yi, ido da kwalli, leɓe da jambaki.

Boho kuwa ta waya ya shigo, daga Instagram da Pinterest zuwa WhatsApp, sannan zuwa shagunan buga takardu. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, kamar Ƙaura, ba ya rasa matasa masu iya sarrafa hoto a kwamfuta. Amma salon bai shigo da kamanninsa gaba ɗaya ba. Ya rabu gida biyu. Na asali, mai nuna mace tsirara ko kusa da haka, ya tsaya a cikin waya. A jihar da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, ba abin mamaki ba ne a rasa mai rataye shi a zaure ko shago. Na biyu shi ne wanda aka yi wa lulluɓi: da'irar fuska fayau a cikin hijabi. Shi ne ke fitowa a tambarin masu ƙunshi da masu sayar da abaya da turaren wuta, da kuma katin gayyatar biki.

4.3 'Yar Tsana a Matsayin Taƙaitaccen Zane

Ba a cika sanya 'yar tsana a jerin ayyukan fasaha ba, saboda yara ke yin ta, kuma ba ta daɗewa. Wannan kuskure ne. In dai fasaha ita ce fitar da siffa daga abin da ba shi da ita, to yarinyar da ta mayar da guntun kara mace ta yi aikin da ya cancanci tarke.

Kayan aikin suna bin lokutan shekara. Bayan girbi akwai karan dawa, bayan layya akwai ƙashin ƙafar rago ko akuya, da damina akwai laka, tsumma kuwa kullum yana nan. Yarinya takan yanki kara tsakanin gaɓa da gaɓa, ta ɗaura baƙin zare a samansa ta kitse shi, ta nemo ƙyallaye wajen tela ta yi zane da ɗankwali, ta zura ƙananan duwatsu a zare ta ɗaura a tsakiya a matsayin jigida, wani kuma a wuya. Sau da yawa babu hannu, babu ƙafa, babu ido. Jikin kansa sanda ce miƙaƙƙiya, ba ƙugu ba ƙirji. Duk da haka babu wanda zai gan ta ya yi shakkar cewa mace ce.

A nan ne tarken ya kamata ya tsaya ya duba da kyau. Me ya sa aka gane ta? An gane ta da kitso da ɗaurin zane da jigida da goyo. Wato yarinyar ta zubar da jiki ta bar ado, kuma adon nan ba kwalliya kawai ba ce. Shi ke faɗar matsayi. Ɗaurin zane a ƙirji daban yake da ɗauri a ƙugu. Lulluɓi a ka yana cewa amarya ce. Ɗan guntun kara da aka ɗaure a baya da majanyi yana cewa ta haihu. Da abubuwa uku ko huɗu an faɗi shekarun mace da halin da take ciki a cikin jama'a. Wannan taƙaitawa ce ta gaske, domin in aka cire ɗaya daga ciki ma'ana ta sauya.

Mai zanen boho ya bi akasin wannan hanya. Ya zubar da kitso da tufa da duk alamar da ke nuna ko 'yar wace ce, ya bar lanƙwasar ƙugu da ƙirji da dogon wuya. A wajensa mace ita ce jikinta. A wajen yarinyar Zurmi mace ita ce matsayinta a cikin dangi.

Daɗin daɗawa, 'yar tsana ba ta kammala a hannun mai yin ta. Sai an raɗa mata suna. A karin harshen wannan yanki, inda ake cewa ɗiya a maimakon 'ya, yarinya kan kira ta ɗiyata kai tsaye. Akan yi mata biki, ƙawaye su taru, a jera mata ɗaki da marufan kwalba da ƙananan gwangwanaye, a dafa abinci a 'yar tukunya, daga baya a yi suna. Fuskar da babu a jikin kara, suna da dangi sun maye gurbinta. Ita kuwa matar da ke cikin firam ba ta da suna, kuma ba a yi ta domin ta samu ba. An yi ta ne yadda za ta dace da kowane bango a kowace ƙasa.

Adalci ya sa a faɗi gazawar 'yar tsana ita ma. Mace biyu kawai ta sani, amarya da mai jego. Ba a cika ganin an yi ta malama ko ungozoma ko 'yar kasuwa ba, alhali yarinyar da ke yin ta tana ganin irin waɗannan mata kullum. Zubinta mai hikima ne, amma jigonta ƙuntatacce ne. Haka kuma 'yar tsanar roba ta kasuwa, wadda ke zuwa da fuska da gashi a shirye, ta rage wa yara aikin ƙirƙira, tun da babu sauran abin da za su zaɓa su bari ko su zubar.

4.4 Fuska da Abin da ke Rubuce a Kanta

Bahaushe na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan yanki fuska ta ɗauki fiye da labarin zuciya, domin ta daɗe tana ɗauke da labarin asali. A kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, inda Gobirawa da Zamfarawa da Fulani da Buzaye suka saba haɗuwa, tsagar fuska takan gabatar da mutum kafin ya buɗe baki. Jerin tsagen Gobirci da ke tasowa daga gefen baki zuwa wajen kunne ba ya ɓoyuwa. Al'adar tana ja da baya a tsakanin matasa, kuma ba a nan za a yi mata kuka ba. Abin nufi shi ne, share fuska a zane yana da nauyi a nan fiye da yadda yake da shi a Faris.

Idan aka jera zanen boho da yawa aka duba, za a tarar mace ɗaya ake ta maimaitawa. Budurwa ce kullum, siririya, kanta a sunkuye ko a karkace, ga ganye ko fure a gefenta. Ba ta daka, ba ta ɗibar ruwa, ba ta tallan nono, ba ta riƙe da allo. Ba ta tsufa. Tun da ba ta da ido, ana kallonta ne ba ta kallon kowa, kuma wannan shi ne babban aibin salon.

Shi ma mai hijabi bai tsira ba, ko da yake matsalarsa daban ce. An rufe jiki, an share fuska, to me ya rage? Yadi. A tambarin mai sayar da abaya, abin da ya saura daga mace shi ne hajar da ake talla, ita kuwa ta zama maratayar kaya.

Duk da haka akwai hujja mai ƙarfi da ke bayan wannan zaɓi, kuma tarken da ya tsallake ta bai yi adalci ba. Matar da ke sana'a daga cikin gida tana bukatar alamar da za ta ce mace ce ke da wannan kasuwanci, ba tare da ta saka hotonta inda kowa zai ɗauka ya juya ba. Ga kunya, ga kishin miji, ga kuma tsoro. Zurmi da Shinkafi suna cikin ƙananan hukumomin da satar mutane don kuɗin fansa ta fi addaba, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. A irin wannan hali, 'yar kasuwar da ta ɓoye fuskarta ba salo take bi ba, kanta take karewa. A nan zanen ya yi amfani ko da bai yi kyau ba.

4.5 Hujjar Addini

Hujjar da aka fi bayarwa wajen cire fuska ita ce ta addini, don haka ya dace a auna ta. Malaman Malikiyya, mazahabar da aka daɗe ana bi a ƙasar Hausa, sun tsananta a kan sura mai inuwa, wato mutum-mutumin abu mai rai da gaɓoɓinsa suka cika. Zanen da ke shafe a kan takarda ko bango sun sassauta hukuncinsa. Wasu malaman sun hana har da na takarda, kuma daga fahimtar cewa kai shi ne ainihin sura aka samo dabarar share fuska.

Abubuwa biyu suka fito daga nan. Na farko, 'yar tsana, wadda ita ce mai inuwa, ita ce malamai suka keɓe da rangwame, bisa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana, suka kuma ba da dalilin koya wa 'ya'ya mata reno. Na biyu, a mashahurin zancen Malikiyya fuska da tafukan mace ba al'aura ba ne, sauran jiki ne al'aura. Ashe ke nan boho na asali ya share abin da aka yarda a gani, ya bar abin da aka ce a rufe. Wanda ya ɗauka rashin fuska kaɗai ya wanke wannan zane bai bi mas'alar zuwa ƙarshenta ba. Ko ma dai yaya, fiƙihu halacci yake hukuntawa. Ingancin zane aikin mai tarke ne.

4.6 Launi da Fili

Launukan boho 'yan kaɗan ne: ja-ja na gasasshen yumɓu, ruwan ƙasa, ruwan toka, da fari mai duhu. Mutumin Zurmi ba ya bukatar a shigo masa da su, su ne launin katangarsa da tukunyarsa da rumbunsa. Akwai ma ɗaci a cikin lamarin. A shekarun 1990 an haƙa mutum-mutumin gasasshen yumɓu masu daɗaɗɗen tarihi a Kwatarkwashi da wasu sassan Katsina da Sakkwato aka yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya irinsu a jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗarin sata. Yumɓun ya fita, launinsa ya dawo a takarda.

Maganar fili kuwa ta fi wuya. Zanen boho yana barin mafi yawan takarda babu komai, kuma wannan shi ne ake yabawa. Idon Bahaushe bai saba da haka a wajen ado ba. Aska takwas tana cika gaban riga, mai zanen ƙwarya ba ya barin gefe, jeren amarya daga ƙasa yake tashi zuwa sama. Ɗakin da bangonsa ke fayau, rashi yake nunawa. Son fili ado ne na wanda kaya suka yi wa yawa. Wataƙila shi ya sa idan tambarin ya zo hannun mai buga takarda a nan, sai a ga ya cike gefen da furanni da lambobin waya da ruwan zinare, har taƙaitawar ta ɓace. Ana iya kiran wannan ɓata salo, ana kuma iya cewa ido ne ya ƙi abin da bai gamsar da shi ba.

Wannan bai nuna ragewa ba za ta yiwu da kayan gida ba. A Zariya, a 1958, ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sun kafa ƙungiya da nufin haɗa dabarun Turai da na gargajiya. Ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya fitar da salon layi mai sauƙi wanda duk wanda ya gani ya san inda ya fito. Bai aro matar Matisse ba.

Mai zane a Ƙaura ko Shinkafi yana da irin wannan taska kusa da shi. Misali ɗaya ya isa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji ta tura ta ƙauyuka koyar da mata. Alamar jaji ita ce malfa da jan ƙyalle a kanta, kuma malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir. Layi ɗaya na malfa, layi ɗaya na mayafi, da ɗigon ja, sun isa su fitar da mace wadda ba budurwa ba ce, ba haja take talla ba, tana kan hanya da karatu a kanta. Ba a nuna jikinta ba, ba a zana fuskarta ba, amma wanda ya san tarihin Gobir da Sakkwato zai faɗi aikinta da wadda ta aiko ta.